Tambayoyi da amsoshi kan bafa da girman bulo wajen ajiye kwafin bayanai a kaset

Duk wanda ya sayi na'urar kaset ta zamani domin ajiye kwafin ko-ta-kwana na bayanansa yakan sa rai da gudun da aka rubuta a jikin kwali, sai ya tarar aikin da ya kamata ya ƙare cikin dare ɗaya ya kai shi har la'asar. Mafi yawan lokuta na'urar lafiyarta ƙalau, matsalar tana cikin yadda ake miƙa mata bayanan ne. Amsoshin da ke ƙasa sun fi karkata ga kaset ɗin LTO, wani nau'in kaset na ajiye bayanan kwamfuta, da kwamfutocin da ke aiki da Linux, amma dalilan da aka kawo sun shafi kowace irin na'urar kaset.

Mene ne bulo, mece ce bafa, kuma me ya sa ake yawan rikita su?

Bulo shi ne ƙunshin bayanan da kwamfuta take miƙa wa na'urar kaset a umarnin rubutu guda ɗaya, kuma na'urar tana riƙe iyakarsa, ta yadda ranar karantawa za ta mayar da shi a dunƙule kamar yadda ta karɓe shi. Bafa kuwa wuri ne a cikin ƙwaƙwalwar aiki inda bayanai suke taruwa suna jiran a rubuta su, tamkar madatsar ruwa da ke tara abin da ya kwararo sannan ta sake shi daidai gwargwado. Ana rikita su ne saboda duka biyun ana auna su da bayit, kuma duka biyun suna shafar gudu. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne, girman bulo yana zama a jikin kaset ɗin har ranar da aka goge shi, alhali bafa tana gushewa da zarar aikin ya ƙare. Kuskure a bafa lokaci yake ci, yana kuma saurin cinye na'ura da zare, amma kuskure a girman bulo yana iya hana mutum karanta kaset ɗinsa bayan shekara goma.

Me ya sa na'urar kaset ba ta son tsayawa?

Zaren kaset yana wucewa ta gaban kan rubutu, wato ɓangaren na'urar da ke rubuta bayanai a zaren, da gudun mita da yawa a daƙiƙa, kuma ba a iya rubuta komai a kansa sai yana tafiya da daidaitaccen gudu. Idan bayanai suka yanke, zaren ba ya iya tsayawa cak a inda rubutu ya ƙare, sai ya zarce. Daga nan dole na'urar ta rage gudu ta tsaya, ta ja zaren baya ya wuce wurin da aka tsaya, ta jira bayanai su taru, sannan ta sake ɗaukar gudu domin ta iso wurin tana cikin tafiyar da ta dace. Wannan kai-komo shi ne ma'aikatan fannin suke kamantawa da gugar takalmi da tsumma. Kowane zagaye yana cin 'yan daƙiƙoƙi, yana kuma sa zaren ya goga kan rubutu sau uku a wurin da sau ɗaya ya isa, don haka ban da ɓata lokaci akwai saurin cinyewar kai da zaren baki ɗaya.

Na'urorin LTO suna da dabarar rage gudunsu domin su daidaita da abin da ake ba su, sai dai ragin yana da iyaka, a sababbin na'urori wajen kashi ɗaya cikin uku na cikakken gudun ko fiye da haka. Wannan iyakar kuma tana hawa ne tare da kowane sabon zubi. LTO-1 na shekarar 2000 yana ɗaukar gigabayit 100 da gudun da bai wuce megabayit 20 a daƙiƙa ba. LTO-7 na 2015 yana rubuta megabayit 300 a daƙiƙa, LTO-8 na 2017 ya kai 360, LTO-9 na 2021 kuma ya kai 400. Saboda haka tushen bayanan da ya wadatar da tsohuwar na'ura yana iya barin sabuwa da yunwa, har mutum ya ga sabuwar da ya saya ba ta fi tsohuwar sauri ba.

Daga ina manhajar tar ta samo bulo mai bayit 10,240?

Manhajar tar, wadda ke haɗa fayiloli da yawa cikin ƙunshi ɗaya domin ajiya, ta fito ne a tsarin Unix zubi na bakwai a 1979, kuma tana tsara bayananta a gutsure masu bayit 512, sannan ta haɗa guda 20 ta miƙa su a matsayin bulo ɗaya, wanda shi ne 10,240. A wancan zamani ana amfani da manyan faya-fayan zare masu layi tara, irin waɗanda IBM ta fitar a 1964, kuma a kansu akwai giɓi na zahiri mai tsawon inci 0.6 tsakanin kowane bulo da na gaba, inda zaren yake tsayawa ya sake tashi. A zaren da ke ɗaukar bayit 1,600 a kowane inci, bulo mai bayit 512 yana cin inci 0.32 ne kawai, wato giɓin ya kusa ninka bayanan, kusan kashi biyu cikin uku na zaren yana tafiya a banza. Bulo mai bayit 10,240 kuwa yana cin inci 6.4, sai asarar ta koma ƙasa da kashi goma cikin ɗari. A lokacinsa zaɓi ne mai hikima, amma na'urorin da aka zaɓe shi dominsu sun daɗe da barin aiki, adadin kuma yana nan bai canza ba.

Tunda LTO ba ya barin irin wannan giɓin, me ya sa ƙaramin bulo yake rage gudu har yanzu?

Gaskiya ne na'urar LTO tana tattara bululluka da yawa ta rubuta su cikin manyan ƙunshi na kanta, don haka ƙaramin bulo ba ya cinye zare kamar da. Abin da ya rage shi ne nauyin umarni, domin kowane bulo umarni ne mai zaman kansa da zai bi ta manhaja, ya bi ta direban na'ura, wato manhajar da ke sarrafa ta, ya bi ta katin da ke haɗa na'urar da kwamfuta, sannan a jira amsa kafin a aika na gaba. Domin a kai megabayit 300 a daƙiƙa da bulo mai bayit 10,240, ana bukatar umarni sama da 29,000 a kowace daƙiƙa. Da bulo mai kilobayit 256 adadin yana sauka zuwa kusan 1,150, da mai megabayit ɗaya kuma bai kai 300 ba. Ɗan jiran da ke tsakanin umarni da umarni ƙanƙane ne, amma idan aka ninka shi sau dubu ashirin da tara ya isa ya jefa gudun ƙasa da iyakar da na'urar take iya daidaitawa, sai kai-komo ya fara ko da faifan da ake kwafowa daga gare shi yana da saurin gaske.

To wane girman bulo ne ya dace?

A na'urorin LTO na wannan zamani, kilobayit 256 ko 512 ya isa, kuma a nan kilobayit yana nufin bayit 1,024. A tar ana faɗin girman ne da yawan gutsuren 512, don haka -b 512 yana ba da kilobayit 256, -b 1024 yana ba da 512, -b 2048 kuma yana ba da megabayit ɗaya. Tsarin LTFS, mai nuna fayilolin kaset kamar na faifai, wanda ya zo tare da LTO-5 a 2010, ya ɗauki kilobayit 512 a matsayin girmansa na asali, kuma wannan manuniya ce mai kyau ga wanda ba ya son dogon gwaji.

A ganin mai wannan rubutu, wuce megabayit ɗaya ba shi da riba. Ƙarin gudun da ake samu daga 512 zuwa sama da ƙyar ake iya auna shi, alhali haɗarin yana ƙaruwa, domin kowane katin haɗi da direbansa suna da iyakar abin da suke iya ɗauka a umarni ɗaya, kuma akwai tsofaffin direbobin Windows da suka tsaya a kilobayit 64 sai an gyara saitinsu. Kwamfutar da za ta karanta kaset ɗin ranar da bala'i ya auku ba lallai ta zama wadda ta rubuta shi ba, don haka girman da ya dace shi ne wanda mafi raunin kwamfutocin da ake da su za ta iya karantawa.

Mene ne bambancin tsayayyen bulo da bulo mai canzawa?

A yanayin tsayayyen bulo ana gaya wa na'urar girma ɗaya, kuma duk rubutun da aka aika dole ya zama ninkin wannan girman, in ba haka ba direban ya ƙi karɓa. A yanayin bulo mai canzawa kowane rubutu yana zama bulo ɗaya mai girman abin da aka aika, wato manhajar ajiya ce take yanke hukunci. A Linux umarnin mt -f /dev/nst0 setblk 0 yana sa na'urar a yanayi mai canzawa (/dev/nst0 shi ne sunan na'urar kaset a Linux), kuma mt -f /dev/nst0 status yana nuna sifili a wurin girman bulo idan haka take. Yawancin manhajojin ajiya wannan yanayin suke so, kuma shi ne ya fi sauƙin bincike idan an samu kaset da ba a san asalinsa ba.

Na'urar tana da bafa a cikinta, me ya sa za a ƙara wata a kwamfuta?

Bafar cikin sababbin na'urorin LTO tana kai wajen gigabayit ɗaya, adadin da yake da girma a ido, amma a gudun megabayit 300 a daƙiƙa ba ta wuce abincin daƙiƙa uku da ɗoriya ba. Tana iya cike ɗan jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba, amma ba ta iya jure abin da ke faruwa idan manhajar ajiya ta shiga wurin da ke da ƙananan fayiloli dubu ɗari, inda faifai mai juyi yake ɓata lokacinsa wajen neman kowane fayil, gudunsa ya faɗi daga megabayit 200 zuwa 'yan kaɗan na tsawon rabin minti ko fiye. A nan ne babbar bafa a ƙwaƙwalwar kwamfuta take amfani, domin tana cika a lokacin da manyan fayiloli ke kwarara, ta kuma ciyar da na'urar a lokacin da tushen ya ja baya.

Manhajar mbuffer ita ce aka fi amfani da ita wajen wannan aikin. Misali:

tar -b 512 -cf - /bayanai | mbuffer -s 256k -m 8G -P 90 -o /dev/nst0

A nan -s shi ne girman bulon da za a rubuta a kaset, -m shi ne jimillar ƙwaƙwalwar da aka ware, -P 90 kuma yana nufin kada a fara rubutu sai bafar ta cika kashi 90 cikin ɗari. Wannan zaɓi na ƙarshe shi ne ginshiƙin dabarar, domin idan babu shi mbuffer za ta riƙa miƙa duk abin da ya shigo nan take, bafar ta zauna fanko, a koma gidan jiya.

Babbar bafa za ta ƙara saurin ajiyar?

Ba za ta taɓa sa aikin ya wuce matsakaicin gudun tushen bayanai ba. Idan tushen yana ba da megabayit 60 a daƙiƙa, to terabayit ɗaya zai ɗauki sama da awa huɗu da rabi ko da bafar ta kai girman duniya. Abin da take yi shi ne rage yawan tsayawa. A ɗauka tushen yana ba da 60, na'urar kuma tana sha da 300. Bafa mai gigabayit 8 za ta cika cikin daƙiƙa 133, ta zube cikin daƙiƙa 33, domin yayin da ake kwashe 300 ana ƙara 60, sai na'urar ta tsaya kusan sau 22 a awa. Da gigabayit ɗaya kacal, lissafin nan yana ba da tsayawa sama da 170 a awa. Lissafi ne mai sauƙi da bai sa dabarar rage gudu a ciki ba, amma ya nuna inda ribar take, wato a tsawon ran kai da zare. Idan kuwa matsakaicin gudun tushen ya wuce mafi ƙarancin gudun da na'urar take iya sauka zuwa gare shi, matsalar hawa da sauka ce kawai, to bafa mai isasshen girma tana iya kawar da tsayawar gaba ɗaya.

Sharaɗi ɗaya shi ne kada a ware abin da ya fi ƙwaƙwalwar da ke akwai, domin idan kwamfuta ta fara tura bafar zuwa faifai, an mayar da magani cuta.

Idan tushen bayanan kullum a hankali yake, mene ne mafita?

Mafita ita ce a fara tara kwafin a faifai mai sauri da ke manne da kwamfutar da na'urar kaset take, sannan a kwashe shi zuwa kaset a tafiya ɗaya. Wannan ya zama tilas ga mai jawo bayanai ta wayar sadarwa mai gigabit ɗaya, wadda iyakarta megabayit 125 a daƙiƙa a lissafi, a aikace kuma ƙasa da haka, wato tana gab da mafi ƙarancin gudun LTO-8 tun kafin wani abu ya tare hanya. Manhajar ajiya ta Amanda tana da faifan jira da aka tanada domin haka, takwararta Bacula ma tana iya tara bayanai a faifai kafin ta zuba su a kaset. Ya kamata a lura cewa faifai mai juyi guda ɗaya ba zai ƙosar da LTO-9 ba, musamman idan ana rubuta masa ana karanta shi a lokaci guda, sai dai a haɗa faya-fayai da yawa ko a yi amfani da SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyi.

Matse bayanai yana shafar wannan lissafin?

Yana shafarsa, kuma ta hanyar da mutane ba sa zato. Na'urar LTO tana matse bayanai da kanta kafin ta rubuta, kuma gudun da take bukata ana auna shi ne bayan matsewar. Idan bayanan suna matsuwa zuwa rabi, dole kwamfuta ta ba da ninki biyu domin zaren ya ci gaba da tafiya, don haka tarin rubutu da ke matsuwa sosai ya fi hotuna da bidiyo saurin jawo kai-komo. Adadin da ake rubutawa a kwali, kamar terabayit 30 na LTO-8, an gina shi ne a kan zaton matsewar 2.5 zuwa 1, ainihin abin da zaren yake ɗauka 12 ne. Wanda ya matse bayanansa da gzip kafin su isa na'urar zai iya tarar da cewa manhajar matsewar ce ta zama maƙura, domin gzip da ke aiki a kan cibiyar sarrafawa ɗaya ta kwamfuta ba ta kusa da megabayit 300 a daƙiƙa. Bayanan da aka kulle da makullin sirri kuwa ba sa matsuwa, shi ya sa kullewar da na'urar take yi da kanta, wadda ta fara daga LTO-4, take zuwa bayan matsewa.

Me ya sa manhajar kwafar bayanai ta dd ta rubuta bululluka masu girma daban-daban alhali an faɗa mata girma ɗaya?

Bututun da ke haɗa manhajoji biyu, wato alamar | da ke cikin umarni, ba ya riƙe iyakar bulo, kuma a Linux yana ɗaukar kilobayit 64 ne a asalinsa. Idan aka ce wa dd bs=256k tana karantawa daga bututu, sau da yawa takan samu ƙasa da haka, ta rubuta abin da ta samu a matsayin bulo. Maganin shi ne a ƙara iflag=fullblock, ko a yi amfani da obs=256k, ko a bar wa mbuffer aikin. Daga nan ne kuma za a gane cewa idan akwai bututu a tsakani, manhajar da ke taɓa na'urar ita ce take yanke girman bulo, ba tar ba.

Ana karanta kaset sai aka ga saƙon Cannot allocate memory, alhali ƙwaƙwalwa tana da yawa. Me ya faru?

Saƙon yana ɓatar da mutane, domin ba ya nufin ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ƙare. Direban kaset na Linux yana ba da shi ne idan manhaja ta nemi karanta abin da bai kai girman bulon da ke kan zaren ba, kamar tar da ke neman bayit 10,240 daga kaset da aka rubuta da kilobayit 256. Domin gano girman, sai a sa na'urar a yanayi mai canzawa, a mayar da zaren farko, a ba da umarnin dd if=/dev/nst0 of=/dev/null bs=4M count=1. Tunda karatu ɗaya bulo ɗaya yake dawowa da shi, yawan bayit ɗin da dd ta ce ta kwafa shi ne girman bulon farko. Neman abin da ya fi bulon girma ba ya jawo matsala. A tuna cewa wasu manhajojin ajiya suna rubuta lakabi a farkon kaset da girma dabam, don haka yana da kyau a duba fayil na biyu ma.

Yaya ake gane na'urar tana kai-komo?

Kunne yana ganewa, amma sai an san wane juyi ne na al'ada. LTO yana rubutu ne daga farkon zare zuwa ƙarshe, ya juyo, ya sake komawa. LTO-8 yana yin irin wannan tafiya sau 208 a zare mai mita 960, kuma tunda cika shi yana ɗaukar awa tara da 'yan mintuna a cikakken gudu, jin juyi duk bayan minti biyu da rabi zuwa uku ba abin damuwa ba ne. Jin tsayawa da tashi duk bayan 'yan daƙiƙoƙi shi ne alamar yunwa. Manhajar tapestat tana nuna gudun rubutu, mbuffer ma tana nuna yadda bafar take cika da zubewa. Idan bafar tana zaune a cike, na'urar ko girman bulo ne maƙurar, idan kuwa tana yawan komawa fanko, tushen bayanai ne.

Idan manhaja ta ce ta gama rubutu, bayanan sun isa zaren ke nan?

Ba lallai ba ne, domin na'urar tana amsa umarni da zarar bayanai sun shiga bafarta. Suna tabbata a zare ne idan aka rubuta alamar ƙarshen fayil, abin da direban yake yi lokacin rufe na'urar, kuma kuskuren rubutu yana iya bayyana a wannan matakin, don haka dole a duba sakamakon kowace manhaja da ke cikin bututun har zuwa rufewa. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa rubuta ƙananan ajiya ɗaruruwa a kaset ɗaya yake da jinkiri, tunda kowace rufewa tana tilasta wa na'urar ta zubar da bafarta ta tsaya.

Me ke faruwa idan kaset ya cika alhali akwai bafa a tsakani?

Zaɓin -M na tar, wanda ke raba ajiya a kan kaset da yawa, yana aiki ne idan tar ce take ganin ƙarshen zaren da kanta. Idan mbuffer ce a gaban na'urar, ita ce za ta ga ƙarshen, kuma ita ce za ta nemi a sa kaset na gaba. Sakamakon shi ne kaset na biyu zai fara daga tsakiyar kwararar bayanai ba tare da wani bayani na tar a kansa ba, don haka ba a karanta shi sai an jera duka bisa tsari. Wanda zai iya raba bayanansa ta yadda kowane kaset zai tsaya da ƙafarsa ya fi samun kwanciyar hankali.

Ana iya canza girman bulo a tsarin da ya daɗe yana aiki?

Ana iya yi, amma a kan sababbin kaset ko waɗanda aka goge aka sake yi musu lakabi, ba a kan wanda aka rubuta rabinsa ba. Bacula tana farawa da bulo mai bayit 64,512, Amanda kuma da kilobayit 32, kuma duka biyun suna amfana da ƙari a sababbin na'urori. Kafin a amince da sabon saitin, sai a rubuta kaset na gwaji, a dawo da bayanansa a wata kwamfuta dabam, a kuma tabbatar tsofaffin kaset suna karantuwa a ƙarƙashinsa. Bayan haka sai a rubuta sunan manhajar, girman bulon, da cikakken umarnin da aka yi amfani da shi a takardar da ke jikin akwatin kowane kaset, tare da ranar da aka canza.